Tsarabar Marini

Gwadabe, jingine muciyar nan, ka ɗauraye hannu,
ko da yake hannun marini ya daɗe da raina ruwa.
Jiya bayan la'asar na sauka.
Ga tsarabarka: sabulun zaitun,
da ɓawon wani dodon-koɗi na teku.
Kada ka yi masa kallon hadarin kaji, tsaya ka ji.

Shekara ashirin da uku ina auna yadi
a shagon Nadim, cikin Kantin Kwari,
ban taɓa tambayar daga ina Kwara suke ɓullowa ba.
Sai da gwiwarsa ta ƙi,
ya ce, Ɗanjuma, zo ka riƙe mini jaka, za ni gida.

Ƙasar ba ta da yawa.
Tsawonta da kyar ya kai Kano zuwa Kaduna,
dutse ya tokare ta ta gabas, teku ta yamma,
ita kuwa ta lafe a tsakani kamar kyankyaso a bayan ƙofa.
Amma duk wanda ya taɓa ƙera jirgi ko takobi
ya bi ta kanta, ya bar takalminsa.

A Jubail wani yaro ya nuna mini bango a kan bango,
na waɗannan a kan na waɗancan,
jere kamar turamen atamfa a kan kanta,
in ka zaro na ƙasa, na sama su rikito.
A Ba'alabak na buɗe hannu zan rungumi ginshiƙi,
ko rabinsa ban ci ba, Nadim yana ta dariya.
A Bairut na ga gini duk hudar harsashi,
wata mata ta ɗaura igiya a jikinsa tana shanya.

Sai Sur, garin da na tuna ka.
Wai da wannan halitta da ke tafin hannunka
mutanen da suke rini,
a fasa dubbai kafin a jiƙa bakin riga guda,
launin da sai mai mulki.
Na ce mu ma muna da karofi,
baba da toka da katsi, tun kaka da kakanni.
Mai yi mana jagora ya ce, Kano? A ina take?
Na haɗiye, abin ya tsaya mini a wuya har dare.

A ƙauyensu, can kan tudu, aka buɗe mana ƙofa,
wata tsohuwa mai baƙin mayafi ta dube ni sama da ƙasa.
Kai, ɗan nan, ka zo mini da daddawa?
Hausa tsaf, Gwadabe, ta Fagge,
irin wadda ta tafi tare da kakata.
Yayarsa ce, Wadi'a, a nan aka yanke mata cibi.
Ta tambayi durumin bakin layinsu,
da Iya Tabawa mai gurasa.
Na ce duk suna nan lafiya.
Allah ya yafe mini.

Jiya a adaidaita-sahu, daga filin jirgi,
na leƙa ina neman badala.
Nan an yanke ta an kafa gidan mai,
can ta zube, awaki suna hutawa a kai.
Na biya kuɗin ƙofa don in kalli duwatsun wasu,
namu kuwa kullum ina wuce shi da buhu a ka.

Karofi nawa ke da rai yanzu a Ƙofar Mata?
A'a, kada ka ƙirga, na ga bakinka.
Ajiye ɓawon nan a aljihu.
Ga farin yadi kamu biyar, tsoma mini shi ya sha sosai,
Nadim zai koma da bazara,
akwai tsohuwar da nake so ta shinshina gida.